Wa Ya Koya wa Leburan Kakuri Karanta Takardar Albashi?

A shekarar 1957 aka kunna injinan masaƙar KTL a Kakuri, kudancin Kaduna. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta haɗa jari da wani kamfanin saƙa na Ingila mai suna David Whitehead, don audugar Funtuwa da Gusau da Zariya ta daina tafiya Turai ɗanya tana dawo mana akoko mai tsada. Kafin a yi shekara goma, Nortex da UNTL da Arewa Textiles sun biyo sahu, duk a wannan yanki. Kano ta cika Bompai da masana'antu, ta buɗe Sharaɗa, daga baya ta ƙara da Challawa. A 1975 Peugeot ta fara harhaɗa motoci a Kaduna, a 1980 aka buɗe matatar mai. Yaron da aka haifa a shekarar da KTL ta fara aiki bai kai ga yin aure ba sai da garin ya zama wani gari daban.

Ginin masana'anta abu ne da kuɗi ke gamawa cikin shekara biyu. Mutumin da zai tsaya gaban inji kuwa daga gona aka ɗauko shi. Wasu daga ƙauyukan kudancin Zariya suka zo, wasu daga Binuwai da Filato, wasu daga Katsina da Kano, wasu ma daga can kudu. Kowannensu yana bukatar ilimi iri biyu. Na farko shi ne yadda ake ɗaura zare idan ya tsinke, da yadda ake tsayar da inji kafin ya ci yatsa. Wannan yana da mai shi: kamfani ne ke koyarwa, cikin 'yan makonni, don ribarsa a nan take. Na biyu shi ne sanin abin da ma'aikaci yake bi bashi. Nawa ne ladan awa ɗaya ta ƙarin lokaci? Idan inji ya cinye yatsan, wa zai biya? Ana iya korar mutum da baki kawai? Wannan darasin ba shi da uban gida. Tarihin ƙwadago a ƙasar nan, idan muka dube shi ta wannan fuska, rigima ce a kan wanda zai riƙe allon wannan darasi na biyu.

Kada mu ɗauka mutanen nan da kai fanko suka zo. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin sayar da ƙarfi. Akwai ƙwadago na yini a gonar wani, akwai jinga inda ake yanke kuɗin aiki gaba ɗaya kafin a sa hannu, akwai dako, akwai ci-rani, akwai barantaka inda yaro ke yi wa maigida hidima shekaru da fatan ranar da za a sallame shi da jari. Kowanne yana da ƙa'idarsa da kowa ya sani. Kalmar da muka zaɓa wa dakatar da aiki ma daga cikin gida muka ɗauko ta. Yaji ba saki ba ne. Matar da ta yi yaji ba ta ce aure ya mutu ba, cewa ta yi akwai maganar da ba za a yi ta ba sai an zo biko, a gaban manya. Wanda ya fara cewa "yajin aiki" ya fahimci al'amarin fiye da manajoji da yawa da suka ɗauke shi tawaye.

Akwai kuma abin da aka koya a zaure. Duk wanda ya yi nisa a karatun Risala ya ratsa ta hukunce-hukuncen ijara, inda aka shardanta a san lada, a san aikin ko wa'adinsa, tun kafin a fara. Hadisin nan da ke magana a kan gumin ɗan ƙwadago kuwa ko wanda bai yi nisa ba ya san shi. Wani mai bincike Ba'amurke, Paul Lubeck, ya zauna da ma'aikatan masana'antun Kano a farkon shekarun 1970, ya fitar da littafi a 1986 a kan Musulunci da leburorin birni. Abin da ya tarar shi ne da yawa daga cikinsu tsofaffin almajirai ne, har da malamai da suka shiga aikin kamfani, kuma da ma'aunin adalci da zalunci na karatun allo suke auna manaja. Samun lokacin salla da wurin yin ta na cikin abubuwan da suka fara haɗa kansu a kai.

Sai dai wannan ilimi yana da iyaka. A gona, wanda ya ɗauke ka aiki yana da fuska, ka san gidansu, ana iya kai ƙararsa wurin mai unguwa. A masaƙa, mai kamfanin yana Lankasha ko Hong Kong ko Japan. Wanda kake gani heluma ne, shi ma yaron wani ne. Rana ba ta da iko da lokacin tashi, jiniya ce ke da shi. A ƙarshen wata a miƙo maka 'yar takarda da Turanci, an jera lambobi, an cire wannan an cire wancan. Babin ijara ya ce a san lada, amma bai koya wa kowa yadda ake gane an yanke masa kwana biyu saboda lattin minti goma ba.

Malaman farko na wannan darasi masu zafin hannu ne. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, kuzar Jos ta zama abin da yaƙi ba zai yiwu ba sai da ita. Gwamnatin mulkin mallaka ta umarci En'e-En'e su kawo mutane. Aka riƙa ɗibar dubun-dubatar talakawa daga lardunan Arewa ana kai su ramukan haƙar kuza, abin da mutane suka sa wa suna diban gwamna. Sanyin tsaunin Filato, ga ƙarancin abinci, ga cunkoso a bukkoki, mutane da yawa ba su koma gida ba. Har a majalisar dokokin Ingila sai da aka tayar da maganar, kafin a dakatar da tsarin a 1944. Waɗanda suka tsira sun koma ƙauyukansu da darasi ɗaya: aikin Bature wuri ne da ake gudu.

Ma'aikatan reluwe su suka koyi wani abu daban. Dokar 1938 ta halatta kafa ƙungiyoyin ƙwadago, ƙungiyarsu a ƙarƙashin Michael Imoudu ta yi rajista a 1940. A watan Yunin 1945 suka ja gaban yajin aikin gama-gari na farko a ƙasar, suna neman ƙarin alawus na tsadar rayuwa da kuma sule biyu da sisi a matsayin mafi ƙarancin ladan lebura a yini. Kwana 44 aka yi. Layin dogo shi ya zama makarantar, domin duk inda jirgi ke tsayawa, daga Ikko zuwa Zariya da Kano, labari yana sauka. Bayan shekara huɗu, ranar 18 ga Nuwamban 1949, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu haƙar kwal a Iva Valley da ke Inugu, suka kashe mutum 21.

Turawa ba su yi barci a kan wannan ba. Tun 1942 sun kafa Sashen Ƙwadago, kuma suka riƙa ɗauko tsofaffin 'yan ƙungiya daga Ingila suna ba su muƙamin jami'an ƙwadago, aikinsu su koya wa 'yan ƙasa yadda ake tafiyar da ƙungiya: rubuta bayanin taro, riƙe littafin kuɗi, bin matakan kai koke. Abubuwa ne masu amfani, ba mu raina su ba. Amma manhajar tana da katanga. Ana son ƙungiyar da za ta yi maganar sule da kwabo, ta bar maganar wanda ke mulki. Daga 1949 sashen karatun manya na Kwalejin Jami'a ta Ibadan shi ma ya shiga shirya wa shugabannin ƙungiyoyi kwasa-kwasai. Duk da Turanci, kuma akasari ga akawuna da masu sana'ar hannu da suka yi makaranta.

A nan Arewa ta sami kanta a baya sau biyu. Masu Turancin da za su zauna a irin wannan aji yawancinsu 'yan kudu ne, don haka ya zama da sauƙi a ce wa lebura Bahaushe ƙungiya kayan baƙi ce, kuma masu mulki ba su yi ƙasa a gwiwa wajen faɗa masa haka ba. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya koya wa manya da yawa karatu da rubutu da Hausa, hukumar NORLA ta buga ƙasidu masu yawa a Zariya, amma hankalinsu ya fi karkata ga tsabta da noma da zaman lafiya da hukuma. Manomi ake gani a gaba, ba a hango ma'aikacin masaƙa ba tukuna. Abin lura shi ne ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ma'aikata na farko da 'yan Arewa suka kafa da kansu ta malamai ce: Malam Aminu Kano ya kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, bayan dawowarsa daga karatu a Landan. Bayan shekara biyu aka kafa NEPU, kalmar "talaka" ta sami haƙora. Amma NEPU da Sarki da Alƙali da ɗan doka take faɗa. Takardar albashi ba ta cikin manyan batutuwanta.

Bayan samun 'yancin kai sai darasin ya sami masu nema har sun yi yawa. Yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet ya raba ƙungiyoyin ƙwadagon Najeriya gida-gida. NTUC ta su Wahab Goodluck ta karkata gabas, tana da makarantarta a Ikko mai ɗauke da sunan Patrice Lumumba. ULC ta su Alhaji Adebola ta karkata yamma, ita ma tana da tata cibiyar horarwa da Amurkawa ke tallafa wa. Ana ba da guraben karatu, wannan a tura shi Mosko, wancan a tura shi Amurka ko Turai ta yamma. Ɗalibi ɗaya ya dawo yana maganar gwagwarmayar aji, ɗayan ya dawo yana maganar sasantawa a teburi. Mu dai abin da muka lura da shi, duka makarantun biyu suna Ikko, tafiyar yini da kwana a jirgin ƙasa daga Kakuri.

Saboda haka leburan Arewa ya ci gaba da karatunsa a inda ya saba, wato a bakin ƙofar kamfani, duk lokacin da gwamnati ta kafa kwamitin albashi. A watan Yunin 1964 an yi kusan mako biyu ana yajin aikin gama-gari saboda gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta yi jinkirin fitar da rahoton kwamitin Morgan. Bayan yaƙin basasa aka kafa kwamitin Adebo, ya ba da ƙarin wucin gadi a ƙarshen 1970. Nan tambaya ta taso: ƙarin na ma'aikatan gwamnati ne kaɗai, ko har da na kamfanoni? Masu masana'antu da yawa suka ce ba da su ba. A 1971 ma'aikatan Kano suka fito, har da na wuraren da ba su da ƙungiyar kirki. A wannan shekarar ce kalmar "ariyas" ta zauna daram a bakin mutanen da ba su taɓa shiga aji ba, kuma sun san ma'anarta sarai: kuɗinka ne da ya kwana a aljihun wani.

Sai Udoji. Tsakanin 1973 da 1974 farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu, kuɗi suka yi wa gwamnatin Gowon yawa. Kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, rahoto mai faɗi a kan yadda za a gyara aikin gwamnati gaba ɗaya, amma ba wanda ya tuna da sauran shafukan. Abin da aka riƙe shi ne albashi. Mafi ƙarancinsa ya tashi daga naira 312 zuwa naira 720 a shekara, aka kuma biya ariyas na watanni a dunƙule a farkon 1975. Dattawanmu har yau suna ba da labarin rediyo da babur da agogo da ƙarin aure. Ma'aikatan kamfanoni suka sake fitowa neman nasu, kamar yadda aka yi a lokacin Adebo, yajin aiki ya bazu ko'ina.

Darasin Udoji na gaskiya a kasuwa aka koyar da shi. Mai hatsi ya ji labari, mai gidan haya ya ji, mai nama ya ji. A 1975 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Tashar jiragen ruwa ta Ikko ta cushe da ɗaruruwan jiragen siminti, kaya suka yi wuyar shigowa. Kafin shekara biyu, wanda albashinsa ya ninka ya ga mudun da yake aunawa bai ninka ba. Abin da masana tattalin arziki ke ɓata babi guda suna bayani, wato bambancin adadin kuɗi da abin da kuɗin ke iya saya, matar leburan Kakuri ta gane shi a gaban mai awo. Manomin da ba shi da albashi kuwa, tsadar ta same shi ba tare da ya ga ko kwabon Udoji ba, shi ya sa ƙauyuka suka ƙara kwararowa birni.

Sojoji sun ga abin da ya faru, suka yanke shawarar karɓe allon. A ƙarshen 1975 gwamnatin Murtala ta fito da sabuwar manufar ƙwadago. Aka toshe hanyar kuɗin waje, gwamnati ta karɓe makarantun nan biyu na Ikko. Aka kafa kotun bincike ta Mai Shari'a Adebiyi, a 1977 aka haramta wa shugabanni goma sha ɗaya shiga harkar ƙungiya, ciki har da Imoudu da Goodluck. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta narkar da ƙananan ƙungiyoyi kusan dubu, ta mayar da su manya guda 42, kowace sana'a da tata, duk a ƙarƙashin uwa ɗaya, NLC, wadda Hassan Sunmonu ya fara shugabanta. Niyyar a bayyane take: a sami 'yan mutane kaɗan da za a iya kira ofis a yi musu magana.

Amma a cikin dokar akwai wani saƙo da ya juya al'amarin. An wajabta wa kamfani ya cire kuɗin ƙungiya daga albashi kai tsaye ya miƙa mata. Kafin nan sakataren ƙungiya yawo yake yi da littafi ranar biya yana roƙon sule-sule. Yanzu kuɗi na shigowa kowane wata. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki, wadda aka haifa a wannan shekara ta 1978 kuma Kaduna ta zama cibiyarta, ta sami abin ɗaukar ma'aikata na dindindin, da mota, da ofis, da kuɗin tara wakilai a zaunar da su a koya musu. Wanda ya zama babban sakatarenta a 1982, Adams Oshiomhole, shi kansa daga cikin masaƙar Arewa Textiles ya fito, ya je Kwalejin Ruskin da ke Oxford a 1975 ya karanto harkar ƙwadago. Ra'ayinmu game da siyasarsa ta baya daban, wannan kuma daban.

A nan ne, a ganinmu, aka fi kusantar amsa tambayar da ke saman wannan rubutu. Wanda ya koya wa leburan Kakuri karanta takardar albashi abokin aikinsa ne, wakilin sashe, wanda injinsa ke kusa da nasa, wanda aka tura kwas na 'yan kwanaki ya dawo yana fassarawa da Hausa ko da Turancin buroka a lokacin cin abinci. Abin da yake ɗauke da shi ba falsafa ba ce. Dokar ƙwadago ta ce kafin ka cika wata uku a wurin aiki dole a ba ka takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinka. Ta ce idan ka yi shekara biyar ba a sallamarka sai da sanarwar wata guda, idan tsakanin shekara biyu da biyar ne mako biyu. Ta ce bayan wata goma sha biyu kana da hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinka, kana da har kwana goma sha biyu na rashin lafiya idan likita ya tabbatar. Mace mai ciki tana da mako shida kafin haihuwa da shida bayanta. Waɗannan su ne ƙasan rijiya. Abin da ƙungiya ta ƙwato a yarjejeniyar da take sa wa hannu da ƙungiyar masu masaƙu, kamar alawus na gida da na mota da na aikin dare da garatuti, a kan wannan ake ɗora shi.

Akwai mataki na gaba da ya fi wannan wuya, kuma shi ne ya bambanta wannan ƙungiya da wasu. Idan manaja ya ce kamfani ba shi da kuɗi, ta yaya za ka san gaskiya ya faɗa? Dole wani a cikinku ya iya karanta lissafin kamfani, ya san farashin auduga, ya san nawa aka saƙa, nawa ke jibge a sito ba a sayar ba. Wasu masu bincike biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun bi diddigin wannan ƙungiya shekaru, suka fitar da littafi a ƙarshen shekarun 1990. Sun nuna cewa ƙarfinta ya ƙaru ne a daidai lokacin da masana'antar ke shan wuya, domin ta iya tilasta wa manajoji bin ƙa'ida a rubuce, ta kuma iya shawo kan mambobinta idan lissafi ya nuna ba a yi musu ƙarya ba. Sun kuma lura cewa abin ya fi kama ƙasa a manyan masaƙun Kaduna fiye da ƙananan masana'antun Kano, inda maigida ke ɗaukar mutum ta hannun wanda ya sani, alaƙar ta fi kama da barantaka. Ƙungiyar ta mayar da taron ilimi abin yi duk shekara.

Siyasar Jamhuriya ta Biyu ta ƙara wa abin armashi. Gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi a Kano ta ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981. A watan Mayun wannan shekara NLC ta kira yajin aikin gama-gari tana neman naira 300 a wata, aka daidaita a kan 125, aka kuma sa shi a doka karo na farko.

Ita kuwa makarantar da gwamnati ta yi alkawari tun lokacin da ta karɓe na Ikko, sai a watan Mayun 1983 Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashinta a Ilori. Dokar kafa ta ta fito a 1986. A 1992 aka sa mata sunan Michael Imoudu, mutumin da aka haramta wa harkar ƙungiya shekara goma sha biyar kafin nan. Mu duba waɗannan shekaru da kyau. Kuɗin mai sun fara janyewa tun 1981, a 1982 an shiga tsuke bakin aljihu, masana'antu sun rasa kuɗin waje na sayo kayan gyara, an fara rage ma'aikata. An yi shekara ashirin da biyar ana ɗibar mutane daga gona ana zuba su a masana'antu, makarantar da za ta koya musu haƙƙinsu ba ta iso ba sai da kasuwa ta fara watsewa. Ɗalibanta na farko darasin kora da kuɗin sallama suka fi bukata.

A jami'a ma an gwada, an kuma ga abin da ya biyo baya. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, malamai irin su Yusufu Bala Usman sun sa tarihin talaka da ma'aikaci a tsakiyar karatu, ɗalibai suka riƙa rubuta kundin digiri a kan ma'aikatan kuza da na reluwe da na masaƙa. Bayan kashe ɗalibai a harabar jami'ar a watan Mayun 1986, NLC a ƙarƙashin Ali Ciroma ta shirya zanga-zangar nuna goyon baya, aka kama shugabanninta kafin ranar. Daga binciken da gwamnatin Babangida ta sa aka yi ne zargin nan ya fito, wai akwai malaman da ke koyar da abin da ba a biya su su koyar ba. A 1988 aka kori Patrick Wilmot daga ƙasar, aka kuma rushe shugabancin NLC. Abacha ya sake rushe shi a 1994. Da wuya a sami wata shaida da ta fi wannan nuna cewa masu mulki sun san nauyin darasin.

Ƙarshen masaƙun sananne ne, ba sai mun daɗe a kai ba. Faɗuwar darajar naira bayan 1986, rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, da atamfar Sin da ke kwararowa ta kan iyaka. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakata a 2007. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun mutu ba su karɓa ba. Mutane ne da suka san lissafin abin da suke bi har kwabo, don an koya musu. Da ƙofar masaƙa ta rufe, ajin ma ya rufe, domin ba shi da wani gini sai ita. Ilimin yana kan mutanen da yanzu suke tuƙa Keke ko gadi ko sun koma gona, ba a rubuta shi da Hausa a littafin da ɗan sakandare zai ɗauka ba. Darasin tarihi kansa an cire shi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, sai a 'yan shekarun nan aka dawo da shi.

Ko a lokacin da abin ke tashe, akwai waɗanda ajin bai taɓa ɗauka ba. Matan da ke ɓarar gyaɗa da surfe da aikatau a gidajen masu hali, 'yan dakon Kwari da Dawanau, yaran shago, leburorin gini da ake ɗiba da safe a bakin titi. Dokar 1978 ta san ma'aikaci ne ta hanyar takardar albashi, wanda ba shi da ita ba a gan shi ba. A lokacin ana ganin 'yan saura ne da ci gaba zai shanye. Yau hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya a irin wannan hali suke.

Kuma masana'antu ba su ƙare ba, sun canza kama ne. Akwai na shinkafa, na roba, na ruwan leda, na takalma, da yawansu ta hannun ɗan kwangila suke ɗaukar mutane, a matsayin 'yan wucin gadi, wasu a sallame su kafin wata ukun nan na doka ya cika a sake ɗaukarsu sabbi. A watan Yunin 2020 'yan sanda suka buɗe wani kamfanin shinkafa a Kano suka fito da ma'aikata sama da ɗari da aka hana fita tun farkon kullen korona, kusan wata uku suna kwana a ciki. Ta wayar salula ɗaya daga cikinsu ya sanar da masu kare haƙƙin ɗan Adam.

A watan Yulin 2024 aka sa hannu a kan naira dubu 70 a matsayin mafi ƙarancin albashi, aka yi ta muhawara a rediyo da Facebook a kan jihar da za ta biya da wadda ba za ta biya ba. Sashen da ba a cika karantawa ba shi ne na waɗanda aka keɓe. Dokar 1981 ba ta hau kan wurin da ke da ma'aikata ƙasa da 50 ba. Ta 2019 ta rage adadin zuwa 25, ta kuma bar masu aikin ɗan lokaci, da masu aikin jinga ko kamasho, da leburorin gona na damina a waje. Gidan burodin unguwa, da makarantar kuɗi mai malamai goma sha biyu, da shagon POS da yarinya ɗaya ke zama tun safe har isha, duk suna cikin waɗanda aka keɓe.